AN TSAMO SHI DAGA RUWA, AMMA JIRGI BAI KAI GACI BA

Wannan shi ne bayanin da wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya, haifaffen ƙasar Yawuri, wanda ya yi shekaru yana aiki a ɗakin kulawa ta musamman, ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar a garin Yelwa. Mahalarta sun zo daga cikin gari, da Birnin Yawuri, da Wara, da ƙauyukan Shanga da tungayen bakin ruwa.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon Allah (SAW), malamin ya fara ne da tambaya. Ya ce duk wanda aka taɓa kwantar da wani nasa a ɗakin nan da jama'a ke ce wa "gobe da nisa" ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi da dama. Sai ya ce to, a cikinsu, wanda ya ci gaba da zama a asibitin bayan an fito da mara lafiyar daga wannan ɗaki, har ranar da aka sallame shi, ya bar hannunsa a sama. Sai hannaye suka sauka, ban da biyu ko uku. Ya ce, "Alhamdu lillahi, kun yi mini rabin jawabin. Abin da na zo faɗa ke nan."

Ya ce tunda da 'yan bakin ruwa yake magana, ba sai ya wahalar da kansa wajen neman misali ba. Kowa a nan ya san idan mutum ya nitse aka tsamo shi aka shimfiɗe shi a cikin jirgi, ba a nan ake sakin filafili a shiga murna ba. Jikinsa na rawa, ya sha ruwa, ga iska, ga igiya, kuma tsakanin jirgin da gaci akwai sauran tafiya. Ya ce ranar da likita ya ce a fitar da ɗan'uwanka daga ɗakin kulawa ta musamman a mai da shi babban ɗaki, ranar aka tsamo shi. Sauran tuƙin, mafi yawansa, a hannun dangi da 'yan'uwa yake.

ƊAKIN DA BA A SHIGA DA TAKALMI

Daga nan sai ya yi bayanin ɗakin shi kansa, domin a cewarsa mutane da yawa ƙofarsa kawai suka sani. Ya ce ɗaki ne da ake kai wanda wani muhimmin sashe na jikinsa ya gaza, kamar huhu ko zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa, don a riƙe masa aikin wannan sashe da na'ura da magani har jikin ya farfaɗo. Akwai injin da ke yi wa mutum numfashi ta wata roba da ake zura masa a maƙogwaro. Akwai allo a saman gado da ke nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar oksijin a jini, dare da rana, wanda da zarar wani abu ya kauce sai ya yi ƙara. Amma a ganinsa mafi tsadar abin da ke ɗakin shi ne ido: nas guda a kan mara lafiya ɗaya ko biyu, ba ta da wani aiki sai su.

Ya ce wannan tsari bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1952 annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak, yara suna ta mutuwa saboda cutar ta kashe musu naman da ke jan numfashi. Wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya kawo shawarar a huda maƙogwaro a sa roba a riƙa tura iska cikin huhu. Da yake babu isassun injina, sai aka ɗebo ɗaliban likitanci, ɗaruruwansu, suna karɓa-karɓa, kowa ya zauna a gefen gado yana matsa jakar roba da hannunsa na tsawon sa'o'i, makonni a jere. Mutuwa ta ragu ƙwarai, kuma a shekara mai bi, 1953, Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne irinsa na farko. Malamin ya ce, "Ku lura da waɗanda suka yi aikin. Samari ne sa'o'inku. Abin da suka bayar shi ne zama a gefen gado, da haƙuri, da rashin barci."

Ya ce mu mutanen ƙasar Yawuri muna da ƙarin nauyi a wannan al'amari, wato nisa. Wanda ya yi mummunan hatsari a hanyar Kwantagora, ko mace ta yi jijjigar haihuwa a wata tunga, in abin ya fi ƙarfin babban asibitin gari sai an tura su gaba, a bi ta ƙasar Shanga, a wuce Koko da Jega zuwa Birnin Kabi, ko a zarce ta Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiya ce ta sa'o'i. Saboda haka dangi suna can a baƙunci, suna kwana a baranda ko gindin itace, suna sayen ruwa da abinci, ga gona an bari, ga koma an jingine. Ba abin mamaki ba ne in suka ji an ce "an fito da shi", kowa ya fara naɗe tabarmarsa.

LABARIN WANI ƊAN KABU-KABU

A nan malamin ya ba da labarin da ya ce shi ne ya sa shi karɓar wannan gayyata. Ya ce ba zai faɗi sunan mutumin ko na asibitin ba. Wani saurayi ne daga wata tunga ta wajen Wara, yana su da damina, da rani kuma yana kabu-kabu. Mota ta buge shi, haƙarƙari ya karye, huhu ya ƙuje. Ya yi kwana 11 a kan injin numfashi. A cikin kwanakin nan 'yan'uwa sun yi abin a yaba: an yi karo-karo, an ba da jini, an yi ta addu'a, mutum bakwai suna zaune a ƙofar ɗakin ba sa motsawa.

Ranar da aka fito da shi, aka yi ta hamdala, aka buga waya gida, mata suka yi guɗa. Kafin Magariba shida daga cikin bakwai ɗin sun shiga mota sun kama hanyar Yawuri. Aka bar ƙaninsa, yaro ɗan shekara 16, da 'yan kuɗin abinci. Da dare mara lafiya ya yi wa yaron nuni yana jin ƙishi, yaro ya tausaya, ya dama fura ya ɗaga masa kai ya ɗura masa. Ya ƙware, ya yi tari, ya lafa. Kashegari da dare numfashinsa ya fara sauri, jiki ya yi zafi, yana ta surutai. Yaron ya gani sarai, amma nas ɗaya ce a ɗakin tana fama da wani can ƙurya, shi kuma ga kunya irin ta ɗan ƙauye, sai ya ce a ransa bari gari ya waye. Da gari ya waye aka mai da mutumin ɗakin da ya fito, furar ta gangara huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Wannan karon sai da aka sayar da injin jirgin gidansu.

"Ya rayu," in ji malamin, "yana nan da ransa. Kuma kada wanda ya zargi yaron nan. Ba wanda ya gaya masa cewa wanda aka cire wa roba daga maƙogwaro haɗiyarsa ba ta dawowa nan take. Ba wanda ya gaya masa saurin numfashi abin tashin nas ne ko da ƙarfe biyun dare ne. Manyan da ya kamata su tsaya su tambaya suna kan hanyar Koko a lokacin."

Ya ce irin wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake faruwa ba. A Ingila tun 2007 hukumar da ke tsara wa asibitoci ƙa'idojin aiki ta ce a guji fitar da mara lafiya daga wannan ɗaki tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe, saboda an lura waɗanda ake fitarwa da dare, lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci, sun fi shiga hatsari. Sannan ya kawo wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2025, wanda aka yi a asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22. An samu cewa a cikin kowane mutum takwas da ke kwance a asibiti, ɗaya yana cikin mawuyacin hali; kuma kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan masu mawuyacin hali suna kwance ne a babban ɗaki tare da kowa; kuma ɗaya cikin biyar ɗinsu ya rasu cikin mako guda. Ya ce ma'anar wannan ita ce, a nahiyarmu, gadon babban ɗaki ba alamar an warke ba ne. Wani lokaci ma ana fito da mutum ne don ya fi wanda ke bakin ƙofa sauƙi, gadaje kuwa ƙalilan ne.

ME YA SA BA YA MURNA?

Malamin ya daɗe a kan wani abu da ya ce yana ɗaure wa dangi kai, har ya kai su ga ɓacin rai. Kowa yana murna an fito da mutum, shi kuwa mai abin ya yi jugum, ko yana hawaye, ko yana riƙe hannun nas kada ta tafi. Sai ka ji ana cewa, "Kai kuwa ka gode wa Allah mana!"

Ya ce a tambayi tsofaffin da suka ga tashin gari lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu-gungu da garuruwa, aka kwashe mutane sama da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. An ce musu ga gidajen siminti, an ce ci gaba ne. Amma wanda ya tashi yana jin motsin ruwa a bayan ɗakinsa, ya san kowane dutse da kowace mashiga, in ka ajiye shi a tudu dare ɗaya, ko gidan ya fi nasa kyau sai ya yi kwanaki bai yi barci ba. Ya ce haka mara lafiyar nan yake. Kwana da kwanaki ya saba in ya motsa yatsa wani ya zo. Ya saba da ƙarar allon nan, har zuciyarsa ta ɗauka shi ne ke tsaron ransa. Yanzu an cire wayoyin duka, an turo shi cikin ɗaki mai gadaje ashirin ko talatin, ga hayaniyar 'yan dubiya, ga rediyon wani, ga nas tana wucewa da sauri ba ta ko kalle shi ba. Abin da ke ransa shi ne: in numfashina ya tsaya yanzu, wa zai sani?

Ga kuma jikin. Ya ce wanda bai gani ba ba zai yarda da yadda kwanciyar nan ke cinye naman mutum ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin Landan, aka buga a 2013, ya auna naman cinyar marasa lafiya ya samu ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal. Ƙato wanda ke jan taru, ko ya ɗauki buhun albasa a kasuwar Yawuri ya ɗora a mota shi kaɗai, sai ka gan shi ba ya iya ɗaga cokali, ba ya iya zama ba tare da an tallafe shi ba. Murya ta dishe saboda roba. Ga robar fitsari, ga ƙaninsa ne ke wanke shi. Ya ce, "Ku maza ne, kun san abin da wannan ke yi wa zuciyar namiji. Mai hankali in zai gyara ɗan'uwansa sai ya ja labule, ya rage magana, kuma abin da ya gani ya mutu a nan. Ba labarin majalisa ba ne."

Sai kuma ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗanda suka kwanta a kan injin numfashi suna shiga wani irin ruɗani, saboda tsananin ciwo da magungunan sa barci da rashin bambance dare da rana. Wani zai ce an ɗaure shi a ƙarƙashin ruwa, wani zai rantse ma'aikata sun yi shawarar kashe shi, wani ya ga mamatansa suna zaune a bakin gado. Kuma waɗannan abubuwa a wurinsa ba mafarki ba ne, tunawa yake da su kamar yadda kake tuna abincin da ka ci jiya. A wani bincike na Amurka na 2013, a cikin marasa lafiya 821, kusan kashi uku cikin huɗu sun shiga wannan ruɗani, kuma bayan shekara guda kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka sake gwadawa suna fama da mantuwa da nauyin tunani kamar wanda ya taɓa buguwa a ka. Tun 2010 likitocin wannan fanni suka haɗa waɗannan matsaloli uku, na jiki da na tunani da na zuciya, suka ba su suna guda, wato larurar bayan kulawa ta musamman, don a daina ɗaukarsu a matsayin raki.

Ya ce ya san abin da ake faɗa a bakin ruwa in mutum ya fara irin waɗannan surutai: an ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, ko an yi masa sammu. Ya ce shi ba zai hana kowa addu'a ba, a yi ta, a tofa masa, shi ma yana yi. Amma ya roƙi 'yan'uwa abu biyu. Kada a turara masa hayaƙi, huhun da ya sha wuya ba ya ɗauka. Kuma duk sabon ruɗani da ya taso wa mutum a babban ɗaki, a gaya wa likita a take, domin sau da yawa shi ne alamar farko ta cewa ƙwayar cuta ta shiga jini ko iska ta yi ƙaranci.

AIKIN MAI JINYA

Da ya zo kan abin da ake buƙata daga matasa, malamin ya ce na farko shi ne kada a watse. A ranar fitowa a zauna a raba kwana, a tabbatar akwai babban mutum mai iya buɗe baki ya yi magana da ma'aikata, musamman daren farko da na biyu da na uku. Kafin a turo gadon, wannan mutum ya samu nas ko likita, cikin ladabi, ya ce, "Likita, don Allah a yi mana bayani." Me ya same shi, me aka yi masa, waɗanne magunguna zai ci gaba da sha, waɗanne robobi suka rage a jikinsa kuma yaushe za a cire, zai iya ci ta baki ko a'a, in abu ya taso wa za a kira. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta a rubuta amsoshin, ko da ajami ne, domin wanda zai karɓe ka jibi ba ya nan lokacin da aka yi bayanin.

Ya ce littafin nan yana da wani amfani kuma. A ƙasashen Denmak da Suwidin da Nowe ma'aikata da dangi sun daɗe suna rubuta wa mara lafiya abin da ya faru kowace rana, don in ya farfaɗo a karanta masa. Mutum ya rasa kwana goma ko ashirin daga rayuwarsa, ramin nan kuwa in ba a cike shi da gaskiya ba, mugayen mafarkan nan ne za su cike shi. A gaya masa a hankali: ranar kaza aka kawo ka, wane ya ba ka jini, Inna ta zo ta gan ka ranar Juma'a, abin da ka ji kamar igiya a hannunka ɗaurin da aka yi ne don kada ka fizge roba.

Sannan ya koya wa mahalarta ƙidayar numfashi, har ya sa suka gwada a junansu. A kalli ƙirji, a ƙirga sau nawa ya tashi cikin minti ɗaya da agogon waya. Babban mutum mai hutawa yana yin 12 zuwa 20. In ya kai 25 ko ya haura, a tashi a kira nas, ba jira. Haka in barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka taso, ko tafin hannu da ƙafa suka yi sanyi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ya kama ƙirji. Ya ce yadda ake faɗa ma yana da tasiri. In ka ce, "Sista, jikin nasa dai sai a hankali," ba ka ce komai ba, kowa a ɗakin haka yake. Amma in ka ce, "Sista, da La'asar numfashinsa 18 ne, yanzu 28, kuma bai gane ni ba," ka ba ta abin da za ta ajiye abin da ke hannunta ta zo. Ya ja kunnen 'yan'uwa a kan faɗa da ma'aikata. Mace ɗaya ce a kan mutum talatin tun Magariba, in ka zage ta ba ka ƙara mata hannu ba.

Game da abinci, ya ce kada a ba shi komai ta baki, ko ruwan Zamzam ne, ko rubutu, ko kunu, sai ma'aikata sun ce haɗiyarsa ta dawo. In an ba da izini, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi tari ko muryarsa ta yi kamar mai kurkure a dakata a faɗa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu, a duba ƙugu da duga-dugai, domin gyambon kwanciya yana shiga cikin kwana biyu ya ƙi fita wata uku. In masu gashin ƙashi suka zo tayar da shi, kada tausayi ya sa a ce a ƙyale shi ya huta. Kwanciyar ce ta cinye shi, tashi ne maganinta. Kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi.

A kan 'yan dubiya ya ɗan yi barkwanci, ya ce mutanenmu in suka tashi dubiya kamar masu zuwa ɗaurin aure, mota guda, kowa sai ya tambayi mara lafiya "ka gane ni?" Dubiya haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, amma daga ladubbanta akwai taƙaitawa. Mutum biyu su shiga, su yi addu'a, su fito. Mai mura ko tari ya yi tasa daga waje.

KUƊI SUN ƘARE, CIWO BAI ƘARE BA

Ya ce akwai wani abu da ya lura da shi shekara da shekaru: gudummawa tana bin tsoro ne. Muddin ana cewa mutum yana gobe da nisa, hannu yana sakuwa. Ranar da aka ce ya fito, sai ta tsaya cak, alhali a lokacin ne ake shiga sayen magani na makonni, da abinci mai gina jiki, da kuɗin motar komawa ganin likita, ga iyali a gida ba mai nema musu. Ya shawarci masu tara gudummawa su riƙa ware wani kaso tun farko su ce wannan na bayan fitowa ne, kada a taɓa. Kuma wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi: a je a nome masa gonar shinkafarsa, a fita da komarsa a kawo wa iyalinsa abin da aka samu.

Bai manta da masu jinyar su kansu ba. Ya ce a Faransa an bi iyalan waɗanda suka kwanta a irin wannan ɗaki, a wani bincike da aka buga a 2005, aka samu kusan ɗaya cikin uku suna fama da alamun firgici wata uku bayan abin ya wuce. Ya ce ya sha ganin ɗan'uwa wanda ya yi tsaye kamar dutse duk kwanakin tsanani, sai bayan an koma gida ya kasa barci, ƙarar waya kaɗai ta sa gabansa ya faɗi. Matar mara lafiya da mahaifiyarsa kuwa, waɗanda aka bari a ƙauye ana ce musu "da sauƙi" kullum, su ne za su karɓe shi, kuma su ne ba a yi wa bayanin komai ba. Ya ce a zaunar da su kafin a kawo shi, a gaya musu zai dawo a rame, mai saurin fushi, mai mantuwa, kuma wannan daga ciwon ne, ba canza musu ya yi ba.

TAMBAYOYI

Wani matashi daga Shanga ya yi tambaya a kan sallolin da suka wuce mara lafiya. Malamin ya ce wannan tana daga abubuwan da suka fi damun waɗanda suka farfaɗo, wani ma ita ce tambayarsa ta farko. Ya ce a kwantar masa da hankali, a kawo masa abin taimama, a fuskantar da shi alƙibla in da hali, ya yi a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa. Hukuncin kwanakin da ya yi ba ya cikin hayyacinsa kuwa, da batun robar fitsari, a kai wa malamai, shi ma'aikacin jinya ne. Azumi kuma kada ya fara sai ya yi shawara da likitansa.

Wani kuma daga Wara ya ce yayansa ya dawo gida wata biyu ke nan, yana matsa wa a bar shi ya koma ruwa, ko a ƙyale shi? Malamin ya tambaye shi ko yayan ya bugu a ka, ya ce e. Sai ya ce to a koma wa likita da wannan tambaya takamaimai, domin wanda ya bugu a ka yana iya samun farfaɗiya daga baya, kuma abin da zai zama faɗuwa kawai a tudu, a cikin jirgi mutuwa ce. Ya tuna wa mahalarta jirgin da ya nitse a watan Mayu na 2021 a kusa da Wara ɗauke da mutum sama da 150, ya ce mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan ruwa. Ko likita ya yarda, kada ya fita shi kaɗai, ya sa rigar ruwa, kuma ya fara da gyaran koma a bakin gaɓa kafin ya kama filafili.

Mai tambayar ya ce ai yayan nasa ba zai yarda ya sa rigar ruwa ba, zai ce shi da aka haifa a gungu. Aka yi dariya. Malamin ya ce, "Ka ce masa ya ɗaga jarkar ruwa mai lita 25 daga ƙasa zuwa kafaɗarsa a gabanka. In ya iya, ku dawo mu yi magana."

An rufe zaman da addu'a ga marasa lafiya na gida da na asibiti, daf da kiran sallar Magariba.